Gyara Kayanka Ba Ya Zama Sauke Mu Raba

  

A wannan fitowa muna so mu taɓo wani ciwo wanda ba daga waje yake zuwa mana ba. A cikin gidajenmu yake kwana, tare da mu yake zuwa sujada. Duk dattijon da ya daɗe yana zama a majalisar ikkilisiya zai shaida cewa ƙarar da ake kawowa gaban dattawa da wuya ta zama sabuwa. In an bi sawunta sai a tarar ta shekara biyu, ko biyar, wata ma gadonta aka yi daga iyaye. Idan aka tambayi mai ƙara, "To, ka taɓa zama da ɗan'uwan nan ka gaya masa?" amsar da aka fi ji ita ce, "Ai ya san abin da ya yi." Matar mai ƙara ta sani, abokansa sun sani, mai shayi na bakin kasuwa ya sani. Wanda ake kuka da shi, shi ne na ƙarshen ji, kuma a bakin wani yake ji, bayan an ƙara wa maganar gishiri.

Ra'ayinmu a nan ɗaya ne, ba shi kuwa da wuyar ganewa. In wani naka ya yi maka abin da ya tsaya maka a rai, shi ne mutum na farko da ya kamata ya ji, daga bakinka, da wuri, a keɓe, cikin ladabi. Yawancin rigingimun da suke raba gandu, suke kashe aure, suke tsinka abota, suke rage mutane a kan benci ranar Lahadi, da an yi wannan zama tun farko da ba su kai ko'ina ba.

HAƘURI DABAM, ƘULLACI DABAM

An rene mu cikin kunya da kawaici, muna kuwa gode wa Allah saboda wannan tarbiyya. Yaro ba ya tsayawa a kan babba yana masa magana. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Suruki yakan kauce in ya hango surukarsa a hanya. In baƙo ya yi abin da bai dace ba, sai a kau da kai kamar ba a gani ba. Waɗannan al'adu su ne suke sa gida mai mutum talatin ya zauna lafiya da ƙofa ɗaya. Ba mu zo mu ce a zubar da su ba.

Amma akwai inda akan ɗauki tsoro a sa masa rigar kunya, a ɗauki ƙullaci a raɗa masa suna haƙuri. A shekarar 1974 wani Bature mai suna Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Arewa ya kuma koyar a Zariya, ya wallafa wata 'yar maƙala a kan wanda Hausawa suke kira mutumin kirki. Ya lissafa halaye goma, da haƙuri da kunya da ladabi duk a ciki. Amma abin da ya zo a farko shi ne gaskiya, sai amana. Ashe tun a ma'aunin kakanninmu, mai kunyar da ba ya iya faɗin gaskiya bai cika mutumin kirki ba.

To, yaya mutum zai gane ko shirunsa haƙuri ne? In an yi maka laifi, ka yafe har cikin zuciya, kana iya sa hannu a akushi ɗaya da mai laifin, kana iya ambaton sunansa cikin addu'a da fatan alheri, ba ka kuma taɓa kai maganar wurin kowa ba, to, wannan haƙuri ne, Allah ya sa maka albarka. Ka bar ta a nan, gama ba kowace magana ce ake tayarwa ba. Amma in kana lissafin laifin dare da rana, in ka hango shi ka canja hanya, in gaisuwarsa ta zame maka nauyi, in ka riga ka gaya wa mutum uku, to, ajiya kake yi. Ranar da tura ta kai bango za ka fito da ita duka, har da riba.

INA MAGANAR TAKE ZUWA?

Maganar da aka hana ta zuwa wurin mai ita ba ta mutuwa, wata hanya take nema. Takan fito a habaici a bakin rijiya, ko a waƙar daka, ko a zagin akuya alhali da mai akuya ake. Takan fito a wurin niƙa da majalisar dare. Wani lokaci ma takan shigo majami'a da tufafin ibada: "'Yan'uwa, ku taya ni addu'a saboda wani da na taimaka, ya saka mini da mugunta." Ba a faɗi suna ba, amma a ikkilisiya mai gida goma sha biyar, wane ne bai gane ba? An mai da roƙon addu'a gulma, an kuma yanke wa mutum hukunci ba a ji ta bakinsa ba.

Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, tafiyar magana ta ƙara sauri. Yau uwa takan yi saƙon murya a WhatsApp, ɗanta da ke ci-rani a Legas ya ji abin da baffansa ya yi, ya hau fushi, ya kira ya zazzaga rashin kunya, alhali baffan nan da ke ɗaki na gaba ba wanda ya ce masa kome. Saƙon kuma ba ya tsayawa a waya ɗaya. Dā ma an ce magana zarar bunu ce, balle wadda aka ɗauka da muryarka.

Daga nan sai gaba. Gida biyu su daina gaisawa, a daina aika wa juna tuwo, yara su tashi suna ƙin juna ba su san dalili ba. Wani ya daina cin jibin Ubangiji. Wani ya koma wata ɗarika, ba don koyarwa ba, don dai kada ya zauna benci ɗaya da ɗan'uwansa. Ƙarshenta sai caji ofis da kotu, a yi ta kuɗin mota da na lauya, har a sayar da akuya da hatsi. Maganar da ta fara a kan kunya biyu ta bakin iyaka takan cinye amfanin gonar duka. Kunyar baki ta ci kunyar gona.

ABIN DA YA SA YA FI DAMUNMU

Kowace al'umma tana da wannan ciwo, amma a gare mu ya fi haɗari, domin mu kaɗan ne. A babbar majami'a cikin birni, in mutum biyu sun saɓa, sai kowa ya canja wurin zama, taro ya haɗiye su. A ƙauyukanmu kuwa, wanda kuka saɓa da shi, shi ne kawun matarka, shi ne ma'ajin ikkilisiya, shi ne wanda gonarsa take jikin taka, shi ne mai babur ɗin da zai kai ka asibiti da tsakar dare. In gida biyu sun yi gaba, sai a ga gurbi a ƙungiyar mawaƙa, a ga gurbi a gayya, a ga gurbi a baiko. Ba mu da yawan da za mu riƙa asarar juna a kan maganar da zaman sa'a ɗaya zai kashe.

Na biyu, maƙwabtanmu suna kallo. Muna wa'azin gafara da sulhu, sa'an nan a gan mu a gaban mai unguwa, wa da ƙane, kowa na tona asirin ɗan'uwansa. Wace shaida ce ta rage? Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Na uku, wannan hali yakan bi mu har wurin maƙwabta Musulmi, waɗanda muke haɗa rijiya da kasuwa da iyakar gona, wasunsu ma jini ɗaya muke. Akuyar maƙwabci ta yi ɓarna, a yi shiru. Ta sake yi, a yi shiru, ana ta ƙorafi a cikin gida. Rana ta uku sai wani yaro ya jefe ta, magana ta tashi, kafin a ce haka wasu sun shafa mata fentin addini. Da tun ranar farko maigida ya taka ya yi sallama ya ce, "Malam, akuyarka ta shiga mini masara, don Allah a ɗaure ta," da maganar ta tsaya a kan akuya da masara. Mu da muke zaune a irin wannan wuri mun fi kowa buƙatar kashe wuta tun tana ƙarama.

GANDU, BASHI DA CIKIN GIDA

Bari mu dubi wuraren da abin ya fi yawa. Na farko gandu. Uba ya tsufa ko ya rasu, babban wa ya riƙe gida. Ƙannen suna noma tare da shi duk damina, kowa kuma da 'yar gayaunarsa. Kaka ta yi, an kai hatsi rumbu. Sai a ga buhu yana fita ranar kasuwa, ba wanda ya san lissafi. Ƙane ya gani, kunya ta hana shi tambaya, sai ya gaya wa matarsa, matar ta gaya wa uwarta. Shekara uku ana haka, ranar da ruwan shuka ya sauka sai ya ce shi ya fita daga gandu, a raba gona. Wan kuwa ya riƙe baki, gama a saninsa kuɗin nan taki ya saya da su, ya biya kuɗin makarantar yara, ya yi jinyar tsohuwa. Wataƙila da gaskiyarsa, wataƙila babu. Abin da ya kamata tun kakar farko shi ne ƙane ya ce, "Yaya, ina so mu zauna in san buhu nawa muka samu, nawa za a ci, nawa za a sayar, nawa na taki." Tambayar lissafi ba zargin sata ba ce. Babban wa mai hankali kuwa ba ya jira a tambaye shi, shi yake kiran zaman.

Haka yake ga masu noman rani. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Challawa a 1992, mutanenmu da yawa sukan haɗa kuɗi su sayi injin ban-ruwa, ko su yi aron juna. Wa zai sayi mai? In inji ya lalace a hannun wani, wa zai biya gyara? Ba a faɗa tun farko, saboda ai mu 'yan'uwa ne. Tun ran gini ran zane. Maganar da aka yi kafin inji ya lalace shawara ce, wadda aka yi bayan ya lalace faɗa ce.

Na biyu bashi. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, saboda haka ba abin kunya ba ne. Abin da yake ɓata zumunta shi ne shirun da ke biye da shi. Mai bin bashi yana jin nauyin tambaya, wanda ake bi yana jin nauyin cewa babu, sai su shiga guje wa juna. Yanzu kuma jinkiri asara ce a fili. Sa'ad da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, kome ya bi bayanta. Wanda ya ranta maka kuɗin buhun taki kafin wannan lokaci, in ka mayar masa da su bayan shekara biyu, ba za su saya masa buhun ba. Yana jin zafin wannan ko bai faɗa ba. Wanda ake bi ya riga zuwa: "Ɗan'uwa, ban manta ba. Ga abin da na samu, saura sai na sayar da wake." Mai bi kuma ya buɗe baki: "Ina da buƙatar kuɗin nan kafin watan gobe, yaya za mu yi?" Uwar adashi ma haka, in wata ta kasa zubi, ta same ta a ɗaki kafin sauran mata su ji.

Na uku cikin gida. Mata da yawa ba su san abin da mazansu suke samu ba, maza da yawa ba su san abin da yake ci wa matansu rai ba. Kuɗin cefane bai isa ba, sai a nuna a fuska da ƙarar kwanuka. Miji ya ga an canja, shi ma ya ɗaure fuska, ya daɗe a majalisa. Rana ɗaya ya dawo ya tarar ta yi yaji, sai a wurin biko ne zai fara jin laifuffukan shekara huɗu a gaban surukansa. Da an faɗa masa ɗaya ɗaya a ɗaka, da ya gyara wasu, ya ba da hanzari a kan wasu. Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, amma ba sa barin baki ɗaya.

Sai kuma abota. Ka ga abokinka ya fara bin gidan giya, ko ka ga ɗansa cikin 'yan shaye-shaye, sai ka ce a bar kaza cikin gashinta. Kowa ya gani, kowa ya yi shiru, sai abu ya lalace a ce, "Dā ma mun sani." In dā ma ka sani, me ya hana ka faɗa? Wanda ya ga kayanka sun karkace ya ce ka gyara, ba rabo yake nema ba. Abokin da ba zai iya ɓata maka rai na yini ɗaya don ya cece ka ba, abokin hira ne kawai.

ABIN DA LITTAFI YA NUNA MANA

Maganar Allah ba ta bar mu cikin duhu ba. A littafin Sama'ila na biyu, sura 13, Amnon ya ci mutuncin Tamar. Dauda ya ji, ya husata ƙwarai, amma bai ɗauki mataki ba. Absalom bai ce wa Amnon uffan ba har shekara biyu. Wanda ya gan su zai ce gidan sarki lafiya. A ƙarshen shekara biyun nan Absalom ya shirya biki, ya sa aka kashe ɗan'uwansa. Shirun uba da shirun ɗa, su suka haifi jini.

A Farawa sura 13 kuwa, makiyayan Ibrahim da na Lutu suka saɓa a kan makiyaya. Ibrahim ne babba, amma shi ya fara zuwa, ya tuna wa Lutu zumuntarsu, ya ba shi zaɓi. Suka rabu da wuri ba su rabu da zuciya ba, shi ya sa da aka kama Lutu a yaƙi Ibrahim ya tashi ya ƙwato shi. A Ayyukan Manzanni sura 6, gwaurayen masu jin Helenanci ba su samun rabonsu na abinci, gunaguni ya tashi. Manzanni ba su ce a rufe maganar ba. Suka tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai, har da Istifanas, aiki ya ci gaba.

Ubangijinmu kansa ya shimfiɗa mana tsari a Matiyu sura 18. Mataki na farko ku biyu kaɗai. In bai saurara ba, ka koma da mutum ɗaya ko biyu. In ya ƙi, sa'an nan ne maganar take zuwa gaban ikkilisiya. Sau da yawa akan fara daga na uku, ko ma daga na huɗu wanda ba ya cikin Littafi, wato gaya wa gari. A Matiyu sura 5 kuma nauyin yana kan wanda ya san ɗan'uwansa yana riƙe da shi: sulhu yana gaba da baiko. In an haɗa wuraren nan biyu, ko kai aka yi wa laifi ko kai ka yi, kai ne za ka tashi. Ba wanda aka ba izinin zama yana jira.

"AMMA YAYA ZAN GAYA WA BABBA?"

Mun san abin da wasu za su ce. Yaro zai tunkari ubansa? Amarya za ta tunkari uwar mijinta? Ba rashin kunya ke nan ba? Wannan tambaya ce mai nauyi, ba kuwa za mu tsallake ta ba.

Faɗin gaskiya dabam, fitsara dabam. Bulus ya gargaɗi Timoti kada ya tsauta wa dattijo da zafi, sai dai ya roƙe shi kamar uba. Bai ce ya yi shiru ba, hanyar magana ya koya masa. Annabi Natan bai shiga fada yana ihu ba. Labarin 'yar tunkiya ya kawo, har Dauda ya yanke wa kansa hukunci, amma a gaban Dauda ya faɗa, ba a bayan idonsa ba. Yetro surukin Musa ne, duk da haka ya gaya masa cewa yadda yake shari'a shi kaɗai zai gajiyar da shi da jama'a, Musa kuwa ya ji. Yaro yana iya durƙusawa ya ce, "Baba, ka gafarce ni, akwai abin da yake damuna, in ka ba ni izini in faɗa." Ba uban kirki da zai kira wannan raini.

Inda kunya ta yi ƙarfi ƙwarai, kamar tsakanin surukai, al'adarmu ta riga ta buɗe ƙofa. Akwai gwaggo, akwai kawu, akwai kaka, akwai abokin wasa wanda yake faɗin magana mai ɗaci cikin raha. A yi amfani da su. Amma a lura da bambancin ɗan rakiya da ɗan aike. Ɗan rakiya yana tafiya tare da kai, ya buɗe maka hanya, kai ka faɗa da bakinka ko a faɗa kana zaune. Ɗan aike kuwa yakan rage, yakan ƙara, wani ma ya biya gida biyu kafin ya isa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. A zaɓi mutum ɗaya mai riƙe asiri, wanda ɓangaren biyu suke ganin girmansa.

Ga kuma 'yan shawarwari ga duk mai shirin zuwa. Ka yi addu'a tukuna, ka bar fushi ya sauka, amma kada ka bar mako ya zama wata. Ka nemi lokacin da mutumin ya ci ya huta, ba a kasuwa ba, ba a gaban 'ya'yansa ko matarsa ba. Kada ka yi ta waya in ƙafa za ta iya kai ka, gama zumunta a ƙafa take. Ka riƙe magana ɗaya, wadda ta kawo ka, kada ka tono ta bara da ta bara waccan. Ka faɗi abin da ka gani da idonka da yadda ya taɓa ka, ka bar abin da aka ce an ce. Sa'an nan ka yi shiru ka saurara, domin sau da yawa akwai rabin labari wanda ba ka sani ba, wataƙila ma kai ma da naka laifin. Ka kuma san abin da kake nema: a biya ka, ko a daina, ko a nemi gafara. In ka je don ka kunyata shi, gara ka zauna a gida.

Wani zai ce, "In na faɗa zai ji haushi." Mai yiwuwa ne. Gaskiya ɗaci gare ta. Amma haushin kwana biyu ya fi gabar shekara goma sauƙi, kuma mutane da yawa sukan yi fushi a gabanka, su je su kwana da maganar, su gyara.

INDA WANNAN BAI ISA BA

Kada a yi mana mummunar fahimta. Muna magana ne a kan saɓani na yau da kullum. Matar da mijinta yake duka, yarinyar da aka ci wa mutunci, yaron da ake zalunta, wanda aka yi wa barazana da makami, ba za a ce su je su kaɗai su zauna da wanda ya cuce su ba. Wannan jefa rago ne a bakin kura. Irin wannan magana ta dattawa ce da hukuma tun daga ranar farko, ikkilisiyar da ta rufe ta da sunan rufin asiri kuwa ta bi sawun Dauda a kan Tamar.

Haka kuma in an bi matakai duka abu ya gagara, neman hakki a wurin hukuma ba zunubi ba ne. Amma mu lura, hukumar kanta sulhu take fara nema. A shekarar 2009 aka buɗe gidan sasanci a ƙarƙashin babbar kotun Jihar Kano, domin masu ƙara su zauna su daidaita ba sai an kai ga hukunci ba. Masarautar Ƙaraye an kafa ta a 2019, an rushe ta a watan Mayu na 2024, an sake kafa ta a watan Yuli na shekarar, ta ƙunshi Ƙaraye da Rogo. Duk wannan sauyi a sama yake, amma a ƙasa hanya ba ta canja ba: daga mai unguwa sai dagaci, sai hakimi, kowannensu kuwa zai so ya ji ko kun zauna a gida tukuna. In a ƙarshe zama za a sa ku yi, me zai hana ku yi shi tun kuɗinku da mutuncinku suna hannunku?

KIRA GA DATTAWA

Iyayenmu dattawa da fastoci, rabin gyaran nan a hannunku yake. Muna roƙonku abu uku.

Na ɗaya, duk wanda ya kawo muku ƙarar ɗan'uwansa a kan saɓani na yau da kullum, kafin ku buɗe masa kunne ku tambaye shi ko ya je wurinsa. In bai je ba, ku mai da shi, in yana tsoro ku raka shi. Shugabannin zumuntar mata da na matasa su ma su riƙe wannan ƙa'ida. Gulma ba ta rayuwa in ba mai saye.

Na biyu, kada a mai da bagade wurin habaici. In mai wa'azi yana da magana da wani, ya same shi a gida. Wa'azin da kowa ya san da wa ake, ba ya kawo tuba, sai taurin zuciya.

Na uku, ku zama waɗanda za a iya gaya wa gaskiya. In matashi ya tambayi lissafin baiko ko kuɗin gini, kada a ce ba shi da kunya, a buɗe masa littafi. In ɗa ya durƙusa ya faɗi damuwarsa, kada a kore shi da tsawa. Yaron da aka tsawata wa don ya faɗi gaskiya a gabanka, gobe a bayanka zai faɗa. Ranar da dattijo ya ce wa ƙaramin mutum, "Ka yi gaskiya, ka gafarce ni," girmansa ƙaruwa yake yi, yara kuma sun koyi darasin da wa'azi goma ba zai koya musu ba.

'Yan'uwa, zo mu zauna, zo mu saɓa ne. Ba a taɓa yin gida ko ikkilisiya inda ba a saɓawa ba, ba kuwa za a yi ba sai Ubangiji ya dawo. Abin da muke roƙo shi ne kowa ya bincika zuciyarsa kafin cin jibi mai zuwa. In akwai sunan da ya faɗo maka tun da ka fara karanta wannan takarda, to, ka san ƙofar gidansa. Ka je ka yi sallama.

Allah mai salama ya ba mu baki mai gaskiya, da kunne mai saurare, da zuciya mai gafara. Amin.